Shin rana za ta iya wanke ruwan marina?

Ɗalibin jami'a: Salamu alaikum. Ina nan a kan bakana: da farin garin titaniyom dayoksaid da ranar Gusau, ruwan rinin da ake zubarwa a kwata zai koma fari tas. A ɗakin gwaji na barbaɗa garin cikin ruwan wani rini da ake kira shuɗin metilin, na ajiye kofin a rana, kafin la'asar shuɗin ya gushe.

Baba mai rini: Wa alaikumus salam. Ɗana, kofi ka wanke. Ni ganga nake zubarwa, baƙi ƙirin, ga soda ga gishiri. Ka tsoma hannu ba ka ganin yatsunka. Ta ina rana za ta shiga?

Malamin sinadarai: Baba ya taɓo inda gizo ke saƙa. Garin ba ya motsi sai haske ya same shi, sannan ya sa ruwa da iskar oksijin su haifar da ƙwayoyin da ke farfasa kalar, shi kuwa ba ya ƙarewa. Tun 1972 masana Fujishima da Honda suka nuna ƙarfinsa a Japan. Amma hasken ultarabayolet, wanda ido ba ya gani, yake so, wanda bai wuce kashi 5 cikin 100 na hasken rana ba.

Ɗalibin jami'a: Malam, ai shi ya sa ake cakuɗa shi da naitirojin don ya karɓi hasken da ido ke gani.

Manomin fadama: Ni dai yallaɓai, kwatar nan fadamata take gangarawa. In ruwan ya yi fari, in ba albasata?

Malamin sinadarai: A'a, kada ka yi gaggawa. Kalar shadda da yawa dangin azo ce. In ta karye rabi da rabi launin yakan ɓace, ya bar sinadaran amin marasa launi, wasunsu na jawo ciwon daji. Sai an auna ruwan tukuna. Wannan ne ya fi damuna.

Baba mai rini: To garin fa? Abu mai laushi haka, wa zai tace shi?

Ɗalibin jami'a: Baba, manne shi ake yi a jikin gilashi ko tayil, a bar dattin ruwan ya kwanta, sannan a saki ruwan siriri a kai.

Baba mai rini: Ban gamsu ba tukuna. Zo ran Asabar da jarka, in cika maka daga gangata, Malam ya auna mu gani.