Neman shawara: An zaunar da ƙanwata a gida saboda darasin da ta koyar kan zalunci

Baban Ikram, Agege:
Assalamu alaikum 'yan uwa. A yi haƙuri da tsawon rubutu. Ƙanwata uwa ɗaya uba ɗaya malama ce a wata makarantar kuɗi nan Agege, tana koyar da 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare darasin haƙƙin ɗan ƙasa. Ajin gauraye ne, yaran Hausawa sun fi yawa, akwai Yarbawa da 'yan Ibo kaɗan. Da suka iso kan haƙƙin ɗan Adam ta ga abin da ke littafin bai taka kara ya karya ba, sai ta haɗa 'yan takardu da kanta ta raba wa yara. A ciki akwai cinikin bayi na Badagry, da bautar da aka yi a Arewa wadda sai a 1936 doka ta soke ta gaba ɗaya, da gwagwarmayar Gambo Sawaba da Funmilayo Ransome-Kuti. Shafi na ƙarshe kuma kan almajirai ne da 'yan aikin gida da ake kawowa daga ƙauye.

Wata ɗaliba ta koma gida ta tambayi mahaifiyarta, a gaban baƙi, me ya sa 'yar aikinsu ba ta zuwa makaranta. Uwar ta ɗauki saƙon murya ta tura zauren WhatsApp na iyaye, wai malama tana koya wa yara raina na gaba, wai Turawa ne suka ba ta kuɗi, wai ta tozarta Hausawa a gaban Yarbawa. Saƙon ya zaga har Katsina, mahaifiyarmu ta ji. Mai makaranta ya ba ta takardar neman ba'asi, ya ce ta zauna gida sai ya neme ta, kuma ta rubuto ban haƙuri. Mijinta ya ce ta ajiye aikin kawai. Ni kuma zuciyata na raya mini in hau Facebook in fasa ƙwai. Ta rubuta ban haƙurin ko kada ta rubuta? Yaya za mu tsaya mata ba mu ƙara ɓata lamarin ba?

Maman Haidar, Mile 12:
Wa alaikumus salam Baban Ikram. Mu faɗa wa juna gaskiya, ba Badagry ce ta ɓata wa kowa rai ba. Da a nan malama ta tsaya, da har kyauta za su aika mata. Shafin 'yar aiki ne ya taɓa inda ke ciwo. Gida nawa ne a unguwanninmu babu yarinya 'yar shekara tara ko goma da ke wanke-wanke yayin da sa'o'inta na gidan ke saka kayan makaranta? Allah ya ba ta haƙuri.

Tsohon Hedimasta, Ijora:
Ɗana, ka sauke wayar nan tukuna. Ranar da ka yi rubutu a Facebook, mai makaranta zai ga sunan makarantarsa ne ke cikin haɗari, kuma sallamar malama ɗaya ta fi masa sauƙi da rasa iyaye ashirin masu biyan kuɗi.

Takardar neman ba'asi amsa take so, a rubuce, cikin ladabi. Amsa daban, ban haƙuri daban. Ta ɗauko manhajar da hukumar NERDC ta tsara da jadawalin darussan zango da makarantar ke bi, ta jera: wannan shafi yana ƙarƙashin batu kaza, wancan yana ƙarƙashin kaza. Haƙƙin ɗan Adam da haƙƙin yara ba ita ta ƙirƙiro su ba, gwamnati ce ta ce a koyar. Sannan tambaya mafi muhimmanci: littafin shirin darasinta, wanda ake miƙawa kowane mako, wani na sama da ita ya sa hannu a kai? In ya sa, to ba ita kaɗai ta shiga ajin ba, da izinin makaranta ta shiga. Ta ɗauki hoton shafin yau, kafin littafin ya yi ɓatan dabo.

Kada ta rubuta cewa abin da ta koyar ƙarya ne ko kuskure ne. Irin wannan takarda ita ake fitowa da ita daga baya a ce da bakinta ta amsa laifi.

Alhaji na Alaba Rago:
Malam Hedimasta, Allah ya ƙara girma, amma ku bari in faɗi abin da iyayen nan ke ji, tunda na ga kowa ya ɗauke su jahilai. Mu baƙi ne a Ikko ko da an haife mu a nan. Mun ga rikicin ƙabilanci na Idi-Araba a 2002, mun ga na Mile 12 a 2016. Yaranmu dama ana musu gori a makaranta da bara da acaba. Yanzu malamarsu Bahaushiya ta raba takarda mai cewa iyayenku na bautar da yara, a gaban waɗanda gobe za su maimaita musu a filin wasa. Wa zai rarrashi yaron? Kuma ni almajiri ne, a tsangaya na sauke Alƙur'ani, ban yarda a jera tsangaya kusa da cinikin bayi ba. Ban ce a kore ta ba. Amma ta je ta ba iyaye haƙuri, ba za ta ragu da komai ba.

Malama Maman Nana, Idi-Araba:
Baba Alhaji, maganarka ta gori gaskiya ce, ni ma malama ce kuma ina ganinta kullum. Amma a lura, takardar ba Hausawa kaɗai ta taɓa ba. Badagry ƙasar wa ce? Kuma matan Abeokuta da Funmilayo ta jagoranta sarkinsu na Yarbawa suka matsa wa har ya sauka daga gadon sarauta a 1949. Kowa an nuna masa nasa. In yaro ya ga haka, wuya ne ya ɗauka ƙabila ɗaya ce ke da tabo.

Wani abu kuma. Da aka hana 'ya'yanmu saka hijabi a makarantun gwamnatin jihar nan, da me aka yi shari'a? Da kundin tsarin mulki na 1999, sashe na 38 da na 42. Babbar kotu ta ƙi a 2014, kotun ɗaukaka ƙara ta ba mu gaskiya a 2016, Kotun Ƙoli ta tabbatar a 2022. Duk mun yi murna. To wannan kundin ne malama ke koya wa yara. Ba zai yiwu ya zama namu ranar hijabi ba, ranar 'yar aiki kuma ya zama na Turawa.

Baban Ikram, abin da ya fi ƙona malami a irin wannan lokaci shirun abokan aiki ne. Kowa na tsoron albashinsa, ana gaisawa da kai sama-sama. Ku nemi malamai biyu ko uku da suka ga takardar, da iyayen da ba su ga laifinta ba, na tabbata akwai su, sun yi shiru ne don kada a ce sun goyi bayan ɓata tarbiyya. Ba sai sun yi faɗa a zaure ba. Kowanne ya kira mai makaranta shi kaɗai ya ce ɗana ya amfana da malamar nan. A yanzu muryar masu fushi kaɗai yake ji.

Barista, Obalende:
A taƙaice. Ta nemo takardar ɗaukarta aiki ta duba me ta ce kan dakatarwa da sallama da albashi. Dakatarwar baki ba ta da kyau, ta nemi a rubuta mata, da dalili da wa'adi. A adana saƙon muryar, domin cewa an ba ta kuɗi daga waje ɓata suna ne, ko da ba za a kai ƙara ba yana da amfani a teburin sulhu. Ƙungiyar malamai ta NUT ta fi ƙarfi a makarantun gwamnati, don haka kada a dogara da ita sosai a nan. Jihar Legas na da cibiyar sasanta jama'a kyauta, da ofishin lauyoyin gwamnati masu kare marasa ƙarfi. Rikicin aiki kuma kotun ma'aikata ta ƙasa ke saurara, amma wannan matakin ƙarshe ne, yana cin lokaci.

Shafin 'yar aiki ba ra'ayinta ba ne. Dokar haƙƙin yara ta 2003, wadda Legas ta yi tata a 2007, ta hana ɗaukar yaro aikin gida a wajen danginsa. Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun shekara tara. Dokar hana fataucin mutane ta 2015 ta sa hukunci kan ɗaukar wanda bai kai shekara 12 ba aikin gida. Ta ambaci waɗannan a amsarta, amma kada ta ambaci gidan kowa.

Baban Ikram, Agege:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Baba Hedimasta, na tambaye ta. Mataimakin shugaban makaranta ya sa hannu a shirin darasin, kuma batun haƙƙin yara na rubuce a ciki. Sai dai takardun da ta raba ba a haɗa su da littafin ba, daga baya ta buga su.

Tsohon Hedimasta, Ijora:
To ga ƙofar sulhu nan. Ta rubuta cewa batun yana cikin manhaja kuma an amince da shi, ƙarin takardun kuma nan gaba za ta riƙa miƙa su a duba kafin a raba. Mai makaranta ya samu abin da zai nuna wa iyaye, ita kuma ba ta ƙaryata kanta ba. Shafin almajirai ma ta gyara shi, a nan Alhaji na da hujja: ta raba karatun allo da tura yaro bara ba ci ba sha. Na biyun ne zalunci, kuma malaman tsangaya da yawa za su faɗi haka.

Masu cewa koyarwar Turawa ce su tuna Malam Aminu Kano malamin makaranta ne a Bauchi da Maru kafin a kafa jam'iyyar NEPU a 1950, kuma abin da ake zarginsa da shi ke nan, koya wa talaka ɗaga kai.

Gidan matar da ta tura saƙon muryar kuma kada ƙanwarka ta je da kanta. Kai da mijinta ku ɗauki limamin unguwa ko wani dattijo daga fadar Sarkin Hausawa ku samu maigidan. An kunyata matarsa a gaban baƙi, wannan a jajanta masa. Abin da za ku roƙa ɗaya ne, ta janye maganar kuɗin Turawa a zauren da ta faɗe ta.

Maman Haidar, Mile 12:
Don Allah in kun je kada a sako yarinyar aikin a maganar ta yadda za a huce a kanta. Na san gidan da irin wannan ta faru, washegari aka saka yarinyar a motar Arewa ba ko sallama. A bari ƙura ta lafa, sannan wata dattijuwa ta lallaɓa uwar gidan ko za a saka ta makarantar gwamnati, tunda kyauta ce.

Alhaji na Alaba Rago:
In za a gyara shafin tsangaya, ni zan raka ku. Irin waɗannan maigidan sun fi jin maganar ɗan kasuwa ɗan uwansu. Baban Ikram ka same ni ta akwatin sirri.

Malama Maman Nana, Idi-Araba:
Kafin a gama sulhun, akwai yara huɗu a layinmu da ke neman mai yi musu darasin yamma, iyayen na biya duk ƙarshen wata. In mijinta ya amince ta fara ranar Litinin bayan la'asar.