An hana mu bulala, yara sun fi ƙarfinmu, dan Allah a ba ni shawara

Mai tambaya: Assalamu alaikum malamai. Admin dan Allah a sakaya sunana. Ni ce malamar ladabtarwa a wata makarantar kuɗi, firamare da ƙaramar sakandare, kuma wlh ba ni na nemi kujerar ba, wanda yake kai ne ya samu aikin gwamnati ya tafi, wanda ya kamata a ba kuma ba ya ga maciji da matar mai makaranta tun rigimar kuɗin yunifom ta bara, wadda ba ruwana a ciki duk da a ofishina aka ajiye dilar kayan, shi ne fa aka ɗora min. To zangon da ya wuce wani malami ya zane yaro hannu ya kumbura, uban ya zo da 'yan sanda, da ƙyar aka kashe maganar. Sai mai makaranta ya dawo daga wata bita ya ce daga yau ba bulala, ba kamun kunne, ba tsallen kwaɗo, wai tsarin gyaran ɗabi'a ta hanyar yabo za mu yi a makaranta gaba ɗaya. Ya miƙo min takardu ya yi gaba. Na rubuta dokoki na manna a kowane aji, na yanka taurari na kwali, mai goma ya karɓi biro ko biskit ranar Juma'a a asambuli. Da farko lafiya lau. Yanzu makara ta ƙaru, 'yan JSS2 sayar wa juna tauraro suke, malamai kuma da yaro ya yi laifi sai su turo min shi ofis wai ga naki nan a ba shi biskit. Ya zan yi?

Tsohon Hedimasta: 'Yata, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ki ce a dawo da tsumagiya amma a ofishin firinsifal kaɗai, biyu a tafin hannu, a rubuta a littafi. Haka muka yi, yau ɗalibaina har likitoci.

Malamin Kwaleji: Malama dokoki nawa kika manna? Kuma malamai nawa suka yarda kafin ki fara?

Mai tambaya: Sha bakwai ne Malam, kuma duk masu muhimmanci ne.

Malamin Kwaleji: To nan kika ɓata. Abin da aka ba ki sunansa PBIS, wato tsarin koyar da kyawawan ɗabi'u da ƙarfafa su a makaranta gaba ɗaya, daga Amurka ya fito, su Rob Horner da George Sugai na jami'ar Oregon ne suka tsara shi a shekarun 1990, kuma ba rabon biskit ba ne. Ƙa'idoji uku zuwa biyar ake yi, gajeru, masu faɗin abin da za a yi ba abin da aka hana ba, misali girmamawa, kula da amana, zama lafiya. Sannan a KOYAR da su kamar darasi. Ki kwashi aji ki kai su bakin famfo ki nuna musu ya girmamawa take a layin ruwa, ki kai su ƙofar aji lokacin dawowa daga tara, su gwada a gabanki. Takardar bango ba ta koyar da kowa. Kuma kwamiti ake kafawa da shugaban makaranta a ciki, su kansu masu tsarin sun ce sai kashi 80 na ma'aikata sun amince ake farawa. Ke kaɗai kike ta fama shi ya sa ake miki dariya.

Malamar Aji Uku: Hmm kashi 80. Mu da muke bin albashin wata biyu, yara sun haura saba'in a aji, wasu a ƙasa suke zama, da wane ƙarfin zan bi kowa ina yabo? Ni wa ya taɓa ba ni tauraro? A gyara malami tukuna.

Wata uwa: Ni abin da ke min ciwo, 'yata shiru-shiru ce ba ta taɓa samun komai ba a makarantarsu, sai fitinannu da sun yi shiru na minti biyar a tafa musu. Ranar nan cewa ta yi ita ma za ta fara surutu. Ki daina rabon kawai 'yar uwa.

Malamin Kwaleji: A'a kar ta daina, ta gyara. A rubuta sunan yaro da biro a bayan tauraron da abin da ya yi, ciniki ya mutu. Yabon baki ma ya fi, ka ce na ga ka shigo kan lokaci ka buɗe littafi, ana so yabo ya ninka faɗa kamar sau huɗu. Kuma Baba Hedimasta ba wanda ya ce a daina hukunci, Legas ta hana duka a makarantunta ai ba ta hana horo ba. A raba laifi biyu, surutu da rashin biro malami ya gama da su a aji, faɗa da sata su ne na ofis. Tsarin hawa uku ne, wajen kashi 80 na yara ƙa'idar kowa da kowa ta ishe su, kamar 15 sai an haɗa su da malami ɗaya da za su gani safe da tashi da katin da ake cikewa, sauran kaɗan ɗin sai an zauna da iyaye. Ki buɗe littafi, wa aka turo, ƙarfe nawa, daga ina, wane malami. Za ki ga mutum biyu ko uku ne suke cika miki ofis. Kuma shekaru yake ɗauka, ba zango ɗaya ba.

Tsohon Hedimasta: Yaro, ka taɓa riƙe aji ko a takarda ka karanta? Ajin Amurka ɗaya yake da namu?

Mai tambaya: Na gode Baba, na gode Malam. Amma gsky Malam ba ka san malamanmu ba, in na tsaya jiran su yarda har a tashi duniya ba a fara ba. Dokokin kuma ba zan iya ragewa ba, mai makaranta ya riga ya gani ya yaba, da kuɗina ma na yi laminatin. Littafin nan in na buɗe cewa za su yi rahotonsu nake kaiwa. Ni dai abin da zan faɗa a mitin ɗin Litinin nake nema.

Malamin Kwaleji: Har yanzu ba ki faɗa mana ko shi mai makarantar yana zuwa asambuli ba, ko firinsifal yana ina a duk wannan.

Sabon Malami: Anti dan Allah gurbin wanda ya tafi aikin gwamnatin an cike? Ina da NCE a lissafi.