Muhawara: Masu satar fassara ne suka kai manga duniya?

Abdul: Assalamu alaikum jama'a. Jiya muna hirar littattafan zane na Japan, wato manga, na faɗi wata magana da Malam Nura bai yarda da ita ba, shi ne na kawo ta gaban kowa. Cewa na yi masoyan manga ne suka kai ta duniya, kamfanoni daga baya suka biyo sahu. Tun wajen ƙarshen shekarun 1990 matasa ke haɗa kai a intanet: wannan ya sayi mujallar a Japan ya ɗauki hoton shafukan, wannan ya fassara, wani ya goge rubutun Japananci, wani ya zuba fassarar a gurbinsa. Ko kwabo ba a biyansu. Da kamfanoni aka jira, mu nan ko sunan manga da ba mu ji ba.

Malam Nura: Wa alaikumus salam. Abdul, ina nan a kan bakata. Abin da ka bayyana sunansa cin haƙƙi, ko da zuciya ɗaya aka yi shi. Mujallar Shonen Jump duk mako take fitowa, kuma mai zane yakan miƙa shafi kusan 19 a kowane mako. Mataimakansa daga aljihunsa yake biyansu. Abin da ke riƙe shi shi ne kason da yake samu idan an haɗa babukan an buga littafi an sayar. Kai kuma ka karanta kyauta, ka ce ka taimake shi?

Isuhu Damagaram: Ku yi haƙuri in sa baki. Abdul, tarihinka ya fara a makare. A Faransa talabijin ce ta buɗe ƙofa: a 1978 aka fara nuna Goldorak, wani shirin zane mai motsi na Japan, yaran ƙasar suka rikice a kansa, sannan shirin yara na Club Dorothée ya riƙa zuba zanen Japan daga 1987 har 1997. Waɗannan yaran ne suka girma suka zama masu sayen littattafan, har Faransa ta zama kasuwar manga mafi girma bayan Japan. A 2021, cikin littattafan zane da aka sayar a can, fiye da rabi manga ne. Da kuɗi aka saye su, a kantin littattafai. Mu ma a Nijar ta hanyar Faransanci abin ya iso mu.

Usman: Gaskiyar Isuhu ce. Ni a Sudan na tashi, kuma duk yaron unguwarmu ya san Kaftin Majid mai ƙwallo. Sai da na girma na gano asalin sunansa Captain Tsubasa, kuma daga manga aka ɗauko shi, wadda aka fara bugawa a 1981. Balarabe muka ɗauke shi.

Abdul: Ban musa ba, talabijin ta yi nata. Amma kallo daban, karatu daban. Ku duba yadda kamfanonin Turai da Amurka suka fara buga littattafan: juya shafukan suke yi kamar a madubi don a karanta daga hagu, sai ka ga jarumin da ke riƙe takobi da dama ya koma bahago. Masoya ne suka saba wa mutane da karantawa daga dama zuwa hagu yadda aka zana, kamar dai yadda muke karanta ajami, har masu bugawa suka koma barin shafin a yadda yake. Kuma littattafai nawa ne kamfani ke fassarawa? Waɗanda ya tabbatar za su yi kasuwa kawai. Labaran manya, na girki, na aikin asibiti, na tarihi, masoya ne suka fara fito da da yawa daga cikinsu.

Anti Hauwa: Abdul ƙanena, tun ɗazu nake karantawa raina na sosuwa. Ni ban san manga ba, amma na san wannan maganar. Na shekara biyu ina rubuta littafi, na ci bashi na buga. Ba a yi wata guda ba wata ta zauna ta kwafe shi tas, ta watsa a zaurukan WhatsApp. Da na yi magana sai aka ce ai suna take yi mini, yanzu har Agadas da Kumasi an san ni. An san ni ɗin kuwa, saƙonnin yabo har yau ina samu. Amma katan-katan na littafin suna ƙarƙashin gadona, bashin kuma sai da na sayar da 'yan kunnena na biya. Ban sake bugawa ba. Don haka idan ka ce sun kai manga duniya, ni tambayata ita ce masu zane nawa suka ajiye alƙalami a hanya ba mu ji labarinsu ba. Mai zanen manga ɗin One Piece da ya haura kwafi miliyan 500 ba zai ji a jikinsa ba. Ƙananan nake ji.

Ummi: Allah sarki Anti, Allah ya mayar miki da alheri. Yaya Abdul, yanzu fa akwai hanyar halal. Tun 2019 kamfanin Shueisha ya buɗe manhajar Manga Plus, babi na fita a Japan kai ma kana samu a wayarka kyauta, da Turanci ko Faransanci da wasu harsunan. A nan nake karantawa.

Abdul: Amin. Anti, wallahi maganarki ta taɓa ni. Amma Ummi, hujjata kika kawo. Me ya sa suka buɗe shi? Sun ga miliyoyin mutane na jiran babi a makon da ya fita, kuma masoya ne suka nuna musu hakan.

Malam Nura: To mu raba abu biyu. Akwai masoyi, akwai ɗan kasuwa da ya fake da masoya. Shafin intanet na satar manga mai suna Mangamura da aka rufe a 2018 talla yake ci da gumin mutane, kuma kotu a Japan ta ɗaure mai shi shekara 3. Mafi yawan shafukan da yaranmu ke shiga yau irinsa ne. Su kansu Japanawa ba su ƙi masoya ba: tun 1975 ake taron Comiket a Tokyo, inda dubban matasa ke sayar da nasu zanen, sau da yawa da jaruman wasu, kamfanoni kuma su kau da kai domin daga cikinsu ake samun sababbin masu zane. Wancan ya zauna ya zana da hannunsa. Wannan kuwa kwashe aikin wani ya yi.

Abdul: Na yarda da wannan rabon, Malam. Shafukan talla ba zan kare su ba. Amma waɗancan na farko da suka kwana suna fassara don so, ban janye ba, da su aka yi wannan tafiya.

Anti Hauwa: Wadda ta kwafe nawa ma cewa ta yi don so ta yi. Ummi, ranar Asabar idan kin shigo gida ki zo da wayar, ki nuna mini yadda ake shiga wancan na halal ɗin, yaran nan sun dame ni da shi.