Angarmu ta maƙale a tashar masunta ta Hydra

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Jirgin ruwa na shaƙatawa muka ɗauko haya, muka shigo 'yar tashar tsibirin Hydra a ƙasar Girka. Kamar yadda ake yi a Bahar Rum, anga (ƙugiyar ƙarfe mai riƙe jirgi a ƙasan ruwa) muka jefa ta gaba, muka ja da baya muka ɗaure a bakin gaɓa. Wurin matsattse ne, jirage sahu bayan sahu, ga kwale-kwalen masunta.

Yanzu anga ta ƙi fitowa, ta sarƙafe da sarƙar wani jirgin. Injin jawo anga sai gurnani yake, muna tsoron ya ƙone ko mu tumɓuke angar maƙwabci. Iskar arewa kuma tana ƙaruwa.

Don Allah, igiya za mu zura ƙarƙashin sarƙar mu ɗaga ta, ko mu kira mai nutso?