Sama da shekara biyu da buɗe LinkedIn ba wanda ya taɓa nemana, ina matsalar take?

Ɗan Rigasa:

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah shawara nake nema wurin waɗanda suka san harkar nan. Na yi HND a fannin akanta a Kaduna Poli, na yi bautar ƙasa a Neja, na dawo gida yau kusan shekara biyu kenan. Tun muna sansani wani abokina ya buɗe min LinkedIn ya ce yanzu nan kamfanoni ke ɗaukar mutane, to wallahi har yau ko mutum ɗaya bai taɓa yi min maganar aiki ba, sai masu tallan kwas da wani da ya ce in turo dubu goma sha biyar kuɗin fom.

Yanzu haka ina riƙe wa kawuna lissafin shagonsa na kayan gini a Kawo, ni ke rubuta kayan da suka shigo da waɗanda suka fita a Excel, ni ke bin bashi, ni ke biyan yaran shago ƙarshen wata. Ban saka wannan a firofayil ɗina ba don gani nake taimakon gida ne ba aiki ba. A ƙasan sunana na rubuta da Turanci cewa ni mai takarda ne mara aiki, ina neman kowace irin dama. Hoton kuma na ranar ɗaurin auren yayana ne na yanke. Abin ya fara damuna sosai don duk wanda muka gama tare in na duba sai in ga ya saka sabon wurin aiki. Me zan gyara?

Anti Unguwar Rimi:

Wa alaikumus salam ƙanena. Ni aikina kenan, ɗaukar ma'aikata nake yi wa wani kamfani a Abuja, sai ƙarshen mako nake hawo jirgin ƙasa in sauka nan unguwarku. Bari in faɗa maka yadda abin yake daga ɓangarenmu, don yawancinku kun ɗauka zama muke muna buɗe firofayil ɗaya bayan ɗaya muna karantawa. Ba haka ba ne. Akwai wani sashe na kuɗi da ake ce wa LinkedIn Recruiter, kamfani ke biya, kuma ko wanda bai biya ba akwatin bincike yake amfani da shi. In oga ya ce min a samo mai lissafi, abin da zan yi shi ne in buga sunan muƙamin, misali "Accounts Officer", in zaɓi gari Kaduna ko Abuja, in ƙara manhajar lissafi irin su Excel ko QuickBooks ko Sage, sai na'ura ta jero min mutanen da waɗannan kalmomin ke jikin firofayil ɗinsu. To kai da ka rubuta mara aiki mai neman kowace irin dama, gaya min wa zai buga wannan a akwatin bincike? Babu. Ba wai an gan ka an ƙi ka ba ne, kwata-kwata ba ka fitowa a jerin.

Don haka layin nan na ƙasan suna shi za ka fara gyarawa yau ɗin nan. Harafi 220 aka ba ka a wurin, kuma shi ne ke bin sunanka duk inda ka je, ko a bincike ko in ka yi sharhi a rubutun wani. Ka sa sunan aikin da kake so yadda kamfanoni ke rubuta shi a tallarsu, ka sa manhajar da ka iya, ka sa abin da ka ƙware a kai kamar lissafin kaya da biyan albashi. Ka nemo tallan aikin akanta guda biyar ko shida ka karanta a natse, kalmomin da ka ga suna ta maimaituwa su ne abin da muke bugawa. Amma wanda ka iya kawai za ka ɗauka, kar ka rubuta Sage alhali ba ka taɓa buɗe ta ba don ranar intabiyu kwamfuta za a ajiye maka a gaba.

Sai maganar shagon kawu, wannan ita ta fi ba ni haushi wallahi. Shekara biyu kana riƙe da lissafin kasuwanci na gaske, kuɗi na shiga na fita ta hannunka, sannan ka ce ba aiki ba ne? Ni in na ga firofayil ɗin da ya tsaya cak daga bautar ƙasa, abin da zan ɗauka shi ne mutum yana kwance a gida shekara biyu ya manta abin da ya karanta. Ka saka shi a wurin gogewar aiki, da watan da ka fara. Kuma kar ka rubuta "ina kula da lissafi" ka yi shiru, kowa haka yake rubutawa. Ka faɗi kaya kala nawa kake bibiya, mutum nawa kake biya albashi, da can littafi ake rubutawa kai ka mayar da shi Excel ko kuwa, bashin da ke waje ya ragu tunda ka karɓa ko bai ragu ba. Adadi shi ke tsayar da ido. Sai dai ka nemi izinin kawu kafin ka fitar da lambobin kuɗinsa a duniya, in bai yarda ba ka tsaya a yawan kaya da yawan ma'aikata.

Akwai kuma wurin bayanin kai, suna ba da har harafi 2,600 amma layi biyu zuwa uku na farko kawai ake gani kafin mutum ya danna ya buɗe sauran, kuma gaskiya ba kullum muke dannawa ba. Kar ka ɓata su da cewa kai mai ƙwazo ne mai gaskiya mai son aiki da jama'a. Ka fara da abin da kake yi da inda kake da irin aikin da kake nema.

Baban Ilham:

Anti duk abin da kika faɗa gaskiya ne amma kar mu sa yaron nan ya ɗauka da ya gyara layi ɗaya waya za ta fara ruri. Mu da muka daɗe a garin nan mun san yadda ake samun aiki, wa ka sani wa ya san ka. Aikin gwamnati dai ba ta LinkedIn yake zuwa ba, ko na jiha ko na tarayya fotal ɗinsu daban suke buɗewa. 'Yan kasuwarmu na kasuwar Sheikh Gumi kuwa in suna son akanta a masallaci za su tambaya. Waɗanda ke leƙa wurin su ne bankuna, kamfanonin sadarwa, ƙungiyoyin agaji, da waɗannan sababbin kamfanonin hada-hadar kuɗi ta waya, kuma rabinsu suna Legas da Abuja. To ka san wa kake yi wa kwalliya.

Abin da ni na ga amfaninsa a ciki shi ne mutane. Ka shiga shafin makarantarku a LinkedIn, akwai wurin tsofaffin ɗalibai, za ka iya tace su da inda suke zaune da inda suke aiki da abin da suka karanta. Kaduna Poli tsohuwar makaranta ce, ba ma'aikatar da za ka shiga a Arewa ba ka tarar da ɗanta ba. Ka nemi waɗanda suka riga ka da shekara biyar zuwa goma a sashenku, ka tura musu gayyata da ɗan saƙo na mutunci. Kuma don Allah banda "Sir help me with job" a saƙon farko, ni kaina in na ga wannan wucewa nake. Ka gaishe shi, ka ce ɗan sashensu ne kai, ka yi masa tambaya ɗaya da zai iya amsawa cikin minti biyu, misali cikin ƙungiyoyin ƙwararrun akantoci, takardar ICAN ce ta fi taimaka masa ko ta ANAN. Sannu ba ta hana zuwa. Ranar da gurbi ya buɗe a ofishinsu sunanka zai faɗo masa a rai.

Kuma in ka fara jarrabawar ICAN ko da matakin farko ne ka rubuta kana kai, ana duba wannan sosai a layinku.

'Yar Barnawa:

Ni ta nan na samu aikin da nake yi yanzu a wata ƙungiyar agaji, wata mata ce ta turo min saƙo ban ma nema ba, don haka abin yana faruwa Baban Ilham, ba kullum sai da hanya ba.

Ɗan uwa hoton nan ka cire shi. Ba wai babbar riga ko hula ce matsala ba, ni da hijabina nake a nawa, kai ma ka sa kaftani mai tsabta da hularka ba wanda zai ce don me. Matsalar hoton biki ita ce kafaɗar wani na leƙowa ga rumfa ga kujerun roba a baya. Ka samu farin bango da safe wajen ƙarfe tara, haske na dukan fuskarka ba bayanka ba, wani ya ɗauke ka daga ƙirji zuwa sama da waya mai kyau, shikenan ba sai ka je situdiyo ba.

Sannan ka kunna Open to Work, wato alamar da ke nuna kana neman aiki. Kala biyu ne, akwai wanda ke sa koren zobe a hotonka kowa ya gani, akwai wanda masu ɗaukar aiki kawai ke gani. Mutane na ta musu wai koren yana nuna ka matsu, ni dai ban yarda ba, wanda ba ya aiki a kamfani me zai ɓoye? Mai aiki a hannu da ba ya so ogansa ya sani shi ne zai zaɓi na ɓoye, shi ma LinkedIn da kansu sun ce ba su ba da tabbacin ba za a gani ba. Wurin cikewa ka sa Kaduna ka ƙara Abuja da Kano in za ka iya tashi, don da gari ake tacewa. Ka duba ma garin da ke kan firofayil ɗinka, da yawa Najeriya kawai suke sawa su bar shi haka.

Mai cewa ka turo dubu sha biyar kuwa ɗan damfara ne, ka yi rifot ɗinsa ka toshe shi. Da zarar ka sa koren zoben nan za su ƙaru ma. Duk wanda ya ce kuɗin fom ko kuɗin horo ko ya nemi BVN ɗinka tun ba a yi intabiyu ba, ko ya ce ku koma Telegram da sauri, rabu da shi. Wata ƙawata haka aka kira ta intabiyu a wani otal, Allah ya taimake ta ta je da yayanta, suka tarar ana karɓar kuɗi a bakin ƙofa.

Ɗan Rigasa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri ya bar zumunci. Anti na canza layin tun ɗazu, na kuma yi wa kawu magana ya ce in saka komai banda kuɗin ciniki. Sai dai da na zo rubuta sunan shagon bai fito a jerin kamfanoni ba, ba tambari sai wani akwati fari-fari, ba zai sa a ɗauka ƙarya nake ba? Kuma kaya kala 340 ne a Excel ɗin, yara shida nake biya.

Anti Unguwar Rimi:

Ba komai, ka rubuta sunan haka nan zai karɓa, shaguna nawa ne a Kaduna ke da shafi a can? 340 da shida ɗin nan su nake so in gani, ka sa su a layin farko na bayanin aikin. In kana so ka ƙara masa nauyi ka kwafi tsarin Excel ɗin ka cire sunayen kwastomomi da farashin gaske ka zuba na misali, ka ɗora a firofayil a matsayin samfurin aikinka. Sannan ka roƙi wanda ka yi bautar ƙasa a ƙarƙashinsa ya rubuta maka 'yar shaida a wurin da aka tanada, ko layi uku ne, in yana LinkedIn ɗin.

Turancin kuma ka ba wani ya duba maka kafin ka saki, kuskuren rubutu a firofayil ɗin akanta yana kashe gwiwa don aikin naku na lura ne. A shafinka akwai inda suke nuna maka sau nawa ka fito a bincike cikin mako, ka rubuta adadin na yau a takarda, bayan sati biyu ka dawo nan ka faɗa mana nawa ya koma. In bai motsa ba sai mu sake duba kalmomin tare.