Ruwan kogi mai gudu: a tace a sha, ko sai an tafasa?

Sarkin Noma: Salamu alaikum jama'a. Jibi in Allah ya kai mu za mu fita yankan shinkafa a fadamar bakin kogin Haɗeja. Tafiyar awa biyu ce a ƙafa, kuma kwana uku za mu yi. Auta ya dage wai sai mun yi dakon jarkokin ruwan famfo. Na ce wahala ce kawai. Ruwa mai gudu ba ya riƙe cuta, ai ba kududdufi ba ne. A tace da rawani a sha, haka muka taso.

Auta: Kawu, da girmanka, bara ma haka aka ce. Ni ne aka dawo da ni a kan babur, mutum biyu suna riƙe da ni, leda huɗu ta ƙarin ruwa na sha. Kuma ruwan nan garau yake, har yashin ƙasa ina gani.

Alaramma: Kafin a jawo mu ciki, bari in faɗi namu. Ruwan da launinsa da ɗanɗanonsa da warinsa ba su canja ba, ana alwala da shi. Hukuncin tsarki ke nan. Maganar abin da zai yi wa ciki kuwa, a tambayi masu ita.

Sarkin Noma: Allah gafarta Malam, na ji. To amma kurkunu fa? Da me aka kore shi in ba ƙyallen tacewa ba? Har Janar Gowon ya riƙa shiga ƙauyuka a kan haka, kuma a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar babu shi a Najeriya. Ƙyallen da ya kori kurkunu ne zai kasa?

Malamar Asibiti: Baba, gaskiyarka a kan kurkunu, amma dalilin daban ne. 'Ya'yan tsutsar suna zaune ne cikin wani ɗan ƙwaron ruwa wanda in ka ɗaga kofi a rana za ka iya hango shi yana motsi, shi ya sa ƙyalle yake tare shi. Ƙwayoyin kwalara da taifot sun fi shi ƙanƙanta nesa ba kusa ba, ta cikin rawanin za su wuce. Sannan ka tuna daga ina ruwan ya taso. Kogin Kano da na Challawa ne suka haɗu, suka bi ta Wudil da Ringim kafin su iso mu. Duk mai wanki, duk garken da ya tsallaka, duk bahayar da ruwan sama ya wanko daga daji, gudun nan ne yake kawo mana su. A daminar 2021 da kwalara ta yi tsanani a Jigawa da Kano, a kan tabarma muke kwantar da mutane don gado ya ƙare. Akwai yaron da idonsa ya zurma cikin yini ɗaya, in ka ja fatar hannunsa ba ta komawa. Ba na so in sake ganin haka.

Makiyayi: Hajiya, mu a ruga alimun muke jefawa, ko a daka 'ya'yan zogale a zuba. Kafin ka gama tatsa laka ta kwanta.

Malamar Asibiti: Ku ci gaba da yi, yana rage datti sosai, sai dai ba ya kashe ƙwayar cuta. In ya kwanta, a tsiyaye na sama a ɗora a wuta, ya tafasa yana ɓararraka na minti ɗaya. In ba itace, a sa maganin tsaftace ruwa, WaterGuard ko Aquatabs, yadda aka rubuta a jiki, a jira minti 30. Ruwa mai laka yana cinye ƙarfin maganin, don haka sai ya kwanta tukuna. Gorar roba mai haske ma tana yi: a cika, a kwantar da ita a rana awa 6, in da hadari kwana biyu.

Sarkin Noma: 'Yata, dafaffen ruwa salam yake, ga warin hayaƙi. Mutum ya yini a sunkuye da lauje, a ce ya jira ruwa ya huce?

Auta: Kawu, a dafa da dare bayan tuwo, a rufe tukunyar ya kwana. Da safe a juya shi tsakanin kwano biyu, ɗanɗanon yana dawowa. A zuba a jarkar da aka wanke, kada kowa ya tsoma moɗa.

Makiyayi: Wani abu kuma, kada ku ɗiba a magudanar da ta fito daga gona. Na sha ganin masu feshi suna wanke tankinsu a nan.

Malamar Asibiti: Wannan kam ko an tafasa maganin feshi ba ya fita. Ku ɗiba ta sama da gonakin. Yara kuma a hana su iyo, tsargiya ta fata take shiga.

Sarkin Noma: Ni dai har yanzu ina ganin na kogi ya fi na kududdufi, wannan ba wanda zai sauke ni. Amma Auta, ka karɓo babbar tukunyar wajen Innarka, mai murfin. Itace kuma ku samari ne za ku nemo.