Bacula na jera min ayyuka ɗaya bayan ɗaya, wa ya taɓa fama da wannan?

Ɗan Jidda: Salam yan uwa. Ina aiki a wata sharika ta jigilar alhazai nan Jidda, sabobi (manyan kwamfutocin ofis) tara nake kula da su, duk Bacula, manhajar ajiye kwafin bayanai, ke kwafe su zuwa diski ɗaya babba. Matsalar ita ce na sa su fara 11 na dare amma sai su shiga layi kamar masu jiran bas, ɗaya ya gama ɗaya ya shiga, har lokacin aikin safe ya fara na ƙarshe bai ƙare ba kuma mudir ya fara min magana wai netwok na nauyi. Na ɗaga Maximum Concurrent Jobs (iyakar ayyukan da za su tafi tare) a Director, ɓangaren da ke tsara ayyukan, zuwa 20, ba abin da ya canza wlh. Umarar azumi na tafe, data zai ninka.

Baban Hafsa (Riyad): Wa alaikassalam ƙanena. Ni ma haka na yi shekara ta farko, na canza waje ɗaya na zauna ina jira. Lambar nan ba waje ɗaya take ba, tana cikin Director, tana cikin Storage (sashen ma'aji) na bacula-dir.conf, fayil ɗin saitin Director, tana cikin Client (sashen sabar da ake kwafa), tana kuma bacula-sd.conf, fayil ɗin saitin sd mai rubutu a diski, kuma wacce ta fi ƙanƙanta ita ke yanke hukunci. Ta Storage in ba ka rubuta komai ba 1 ce, nan yawancinmu ke maƙalewa. Shiga bconsole, wajen ba Bacula umarni, ka buga status director, in ka ga "waiting on max Storage jobs" to shi ne. Bayan gyara, reload ya ishi Director, amma na sd sai ka kashe ka kunna.

Takari2: Ka duba Priority ma, lambar fifiko, ƙarama ke fara tafiya. Ni na ba sabar sashen akanta 5 wai don ta fara, sauran na 10, ashe masu lamba daban ba sa tafiya tare, sai da ta gama sauran suka motsa. Kwana uku ina zagin diski a banza.

Hajiya IT (Madina): Duk gaskiya ne amma akwai wanda ya fi ba ni wahala. Bacula asali da tef aka gina tunaninsa, Device (abin da ke rubutun) ɗaya volume (fayil ɗin ajiya) ɗaya yake buɗewa a lokaci guda ko da diski ne. To ni ina da pool (rukunin volume) na kullum da na sati, aikin da ke son wani pool dole ya tsaya sai an saki Device ɗin ko lambobi nawa ka sa. Da na haɗa su pool ɗaya sai suka tafi tare, na ji daɗi, sai ranar da aka goge foldar ma'aikata aka ce in dawo da ita, daga azahar har bayan la'asar ina zaune, saboda bayanan ayyuka huɗu sun cakuɗe cikin fayil ɗaya kamar dambu, sai ya dinga tsallake na wasu yana tsintar nasa. Yanzu Device biyar na yi, duk Archive Device (foldar da suke rubutu) ɗaya, Media Type (laƙabin nau'in ma'aji) ɗaya, na ɗaure su ƙarƙashin Autochanger mai haɗa su rukuni ɗaya, kowanne na sa masa Maximum Concurrent Jobs 1. Kowane aiki da fayil ɗinsa, khalas.

Baban Hafsa (Riyad): Hajiya ta faɗi. Kuma kar ka zaƙe ka saki tara gaba ɗaya Ɗan Jidda, layin gigabit ɗaya bai wuce wajen megabait 110 a sakan, diski mai juyi kuma in aka yi masa rubdugu sai ya dinga kai-komo gudu ya faɗi. Ni huɗu na tsaya, Full ɗin, wato cikakken kwafi, kuma na kai shi daren Alhamis tunda Juma'a da Asabar babu kowa a ofis.

Ɗan Jidda: Allah ya saka muku. Storage ɗin ne Baba, ban rubuta komai a wajen ba. Na yi Device huɗu irin na Hajiya, jiya kafin kiran asuba duk sun gama. Saura BackupCatalog da ke jira sai ƙarshe, 11 na gani a Priority ɗinsa, in mayar 10?

Takari2: A'a bar shi, da gangan ne, so ake ya kwafi katalog, wato rajistar abin da Bacula ya ajiye, bayan kowa ya gama rubutu.